Kalmar da Ba a Faɗa a Hawa na Shida

A Hukumar Sulhu ta Duniya, wadda ta kafa gindinta a Paris, akwai kalmar da ba a furtawa ko da wasa: yaƙi. Garuruwa na ci da wuta, amma a hawa na shida na ginin hukumar, inda manya suke, sai ka ji ana cewa "halin da ake ciki". Balkisa, jami'ar kula da ma'aikata, ta daɗe tana haɗiye wannan rainin wayo, sai da abin ya zo kan Moctar ya tsaya mata a wuya.

Moctar mutumin Tawa ne, shi ke riƙe da ofishin hukumar a babban birnin ɗaya daga cikin wasu ƙasashe biyu da ke bugawa da juna. Da aka fara ruwan bama-bamai, an kwashe manyan da aka turo daga Paris har da karnukansu. Shi kuwa a can aka ɗauke shi aiki, kuma dokar gidan ta ce irinsu ba a kwashe su sai kwamiti ya zauna ya kira abin yaƙi. Ya zauna da matarsa Fatsima da 'ya'ya uku, yana jiran bakin manya.

Kwamitin bai zauna a Paris ba, domin jakadun ƙasashen biyu da ke faɗan sun rantse ba za su bi ƙofa ɗaya ba. Aka nemo otel mai ƙofofi biyu a Lyon, aka ɗunguma a jirgin ƙasa. Safiya guda ta tafi kan wanda zai zauna kusa da taga. Alhaji Mounkaila, shugaban kwamitin, tsohon jakada mai taushin murya, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba kuma bai taɓa tsinana wa kowa komai ba, ya yi ta murmushi yana shafa gemu.

A hanyar ɗakin cin abinci Balkisa ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, maganar Moctar fa? Jiya an rushe gidan maƙwabcinshi."

"Ɗiyata, doucement, a hankali. Ba a shiga irin wagga magana da gaggawa. Kin ɗanɗana kifin nan kuwa?"

Bayan azahar aka ba ta dama ta yi bayanin ma'aikata. Ta miƙe ta ce hukumar na da mutum biyar a tsakiyar yaƙi, a taimaka a fito da su.

Aka bi ta da kallo, kamar ta tuɓe a kasuwa. Jakadan farko ya buga tebur ya ce ƙasarsa ba ta yaƙi, tsaron iyaka take yi. Na biyun ya zabura ya ce karon farko ke nan da ya yarda da abokin aikinsa, tasu ƙasar ma kwantar da tarzoma take yi. Nan fa ido ya raina fata wajen Balkisa, amma fuskar Alhaji Mounkaila ta washe. Ya ce yau an kafa tarihi, ɓangarorin biyu sun yi magana da murya ɗaya. Aka soke kalmarta, aka sa "zaman ɗarɗar", aka tafa, har aka kira mai hoto jakadun suka gaisa.

Takaici ya hana ta kuka. Ta fita bakin kogi ta kira Moctar, sai a karo na uku layin ya shiga. Gaisuwar ma a gajarce suka yi ta.

"Hajiya, an zamna? Yaushe avion ɗin, jirgin da zai kwashe mu, zai zo? Fatsima ta ɗaure kaya tun da safe."

Balkisa ta fara kame-kamen yi masa bayanin "zaman ɗarɗar". Can bayan muryarsa ta ji wani abu ya fashe, yaro ya tsala ihu. Moctar bai jira ta ƙarasa ba, ya gane babu jirgin da zai zo.

"Ba komi," ya ce. "To don Allah ki tambaya mini shef, shugaban kwamitin. Rufin biro, ofishin namu, ya faɗi. Gobe in buɗe, ko in jira izini?"