Dala Arba'in a Rubutun Eino

"Rage giris ɗin nan, Marlys. Injin fatsa ne, ba ƙafar tirela ba."

Marlys Dahlberg ta goge yatsa a tsumma. Injin, ɗan ƙarfen nan da ke naɗe zare a jikin sandar kamun kifi, yana warware a gabanta a kan farantin gashin burodi: haƙoran ƙarfe, boris biyu, da ƙusoshin da ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Eino Rautio yana kishingiɗe a gadon asibitin da aka kawo masa falo, robar iska a hanci, yana bin hannunta da ido. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan gyara a garin nan na bakin tafki. Tun da huhunsa ya gaza, hannunsa ya kama rawa, aikin ya koma wuyan maƙwabciyarsa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Duane Pelkey mai shagon taya ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi, da injina biyu a leda.

"Eino! Ashe ba ka mutu ba?"

"Jira nake ka kama kifin kirki ko guda ɗaya, sannan in tafi."

"To ai kana nan har abada." Duane ya yi dariya, ya dire ledar. "Sha biyar-sha biyar, kamar kullum?"

"Kamar kullum."

Bai zauna ba. Ko kofin da Marlys ta tsiyaya masa bai taɓa ba, ya ce ya bar mota a kunne.

Da ƙofar ta rufu, Marlys ta ajiye sukudireba. "Awa uku nake kwashewa a kan kowanne, Eino. Dala goma sha biyar! Mai wanke-wanke a gidan abinci ya fi ni samu."

Shekarunta hamsin da bakwai. Masana'antar takardar da ta yi wa aiki ta rufe, kuma babu mai ɗaukar mace mai shekarunta a garin. Eino ya riga ya ce kayan aikin nata ne bayansa. Amma a wannan farashi ba za su ciyar da ita ba, sai dai ta sayar da gidanta ta koma ɗakin ƙasa a gidan 'yarta a birni. Ta kuma san mutanen garinsu. In ta ƙara kuɗi bayan ya mutu, cewa za a yi ko kabarinsa bai bushe ba ta fara tsuga wa mutane, kowa ya ɗauke kayansa. Sai dai ƙarin ya fito daga wurin Eino, tun yana da rai.

"Ka ƙara kuɗin, ka faɗa musu da bakinka," ta ce.

"Ni ban taɓa cutar kowa ba."

"Ka cuci kanka. Ka cuci mutumin garin gaba da ya rufe shago saboda kowa nan yake kawowa. Yanzu ni ce a layi."

Mutanen gari suna kiran arahar Eino kirki. Haka mutane suke, duk wanda ya bari a ci shi a banza sai su laƙaba masa suna mai daɗi, don kada kunya ta kama su.

Eino ya daɗe yana kallon silin, injin iskarsa yana huci a gefen gado.

"In na ƙara, wa zai zo?" ya ce a hankali. "Tun da matata Helmi ta rasu, ƙofar nan inji ne ke buɗe ta. Mutum ya kawo, ya tsaya, mu taɓa hira."

"Minti nawa Duane ya tsaya?"

Ya juyar da fuska wajen bango. Marlys ta ji nauyin abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba, don ba ƙarya ta yi ba. Ta haɗa injin fatsar, ta kashe masa rediyo, ta tsallaka gidanta, inda ita ma babu mai jiranta.

Kwana goma babu wanda ya sake tayar da zancen. Afrilu ya shiga, ƙanƙarar tafki ta fara baƙi tana tsatstsagewa. Ranar da hukuma ke buɗe kamun kifi na shekara ta matso, injina suka taru a kan teburi har talatin da ɗaya. Masu kawowa daga bakin ƙofa suke miƙowa, wai kada su dami mara lafiya.

Wata safiya Eino ya ƙi cin abinci, ya ce, "Kawo min takardun, da fensir."

Kowane injin da ya fita daga gidan nan da 'yar takarda ɗaure a hannunsa, sunan mai shi a sama, kuɗin aiki a ƙasa. Duk garin an san rubutun Eino, kuma ba a taɓa jayayya da abin da ke jikin takardar ba. Marlys sunaye kawai take rubutawa, ta bar ƙasan.

Ta ɗora masa faranti a cinya. Ya riƙe fensirin da hannu biyu.

"Arba'in," ya ce. "Talatin da biyar na aikinki, biyar na giris ɗin da kike ɓarnatarwa."

"Tsoho, ba sai yau ba."

"Yi min shiru, kina sa ni karkacewa."

Kowace takarda sai ya huta. Huɗun ta fito a gicciye, sifirin kamar ƙwan da aka taka, amma rubutunsa ne. Har rana ta karkata yana yi. A ta goma sha tara fensirin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

"Sauran gobe," ya ce.

Washegari bai iya ɗaga kai ba. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, tana kicin tana ɗumama masa madara, ta dawo ta tarar ya cika, bakinsa a ɗan buɗe, injin iskar yana ta huci shi kaɗai. Ta kashe injin. Ta zauna da kofin madarar a hannu har ya huce, sannan ta kira nas.

Mutum goma sha huɗu suka zo coci jana'izarsa, har da fasto. Mako na zagayowa kuwa, motoci suka yi layi a ƙofar gidan, kowa ya zo karɓar injinsa. Mutum ya duba takarda, ya zaro ido, ya sake dubawa, ya gane hannun, sai ya ciro kuɗi ya biya.

Na Duane suna cikin goma sha biyun da Eino bai kai kansu ba. Ya juya takardar gaba da baya.

"A takardar nawa ba a rubuta kuɗi ba. Sha biyar ke nan, ai a gabanki muka yi da shi."

"Guda biyun nan da ka kawo yana raye, haka ne, sha biyar. Ya faɗa." Ta nuna na ukun da ya shigo da shi a hannu. "Wannan fa?"

"Shi ma a duba min."

Ta ɗauki sabuwar takarda, ta rubuta sunansa, ta rubuta arba'in a ƙasa, ta juya masa ya gani.

"Haba, Marlys! Da Eino ne..."

"Ba shi ba ne."

Duane ya tsaya yana kaɗa makullin mota. Ya kalli gadon da aka naɗe katifarsa, ya kalli ƙofa. Can ya ajiye injin a bakin teburi, ya kwashi biyun, ya fita ba sallama.

Marlys ta ɗaura takardar. Ta jawo kujera kusa da taga inda haske ya fi, ta shimfiɗa tsumma, ta kwance ƙusa ta farko. A waje ƙanƙarar tafkin ta rabu da gaɓa, iska tana tura ta sannu a hankali zuwa tsakiyar ruwa.