Kututturen Mushe Zailani

Tun da iskar damina ta kayar da itacen dogon yaron gidan Mushe Zailani, mutanen unguwar Bobiyel suka daina sanin ko yana raye ko ya bi matarsa. Ba mugunta ce ta sa ba. Itacen a cikin garkarsa yake, jikin katanga, amma rassansa waje suka leƙa, kuma a ƙarƙashinsu ne mazan layin suke shimfiɗa tabarma su dafa shayi tun daga la'asar har isha. Mushe ne mai fadar, shi ke fito da buta da gawayi, shi ke raba gardamar ƙwallo da ta siyasa da muryar nan tasa ta tsohon malamin lakkol, makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe. Da itacen ya faɗi aka sassare shi aka kwashe, sai fadar ta bi inuwa ta koma rumfar wani tela a can ƙarshen layi. Sun ce ya riƙa zuwa. Ya je sau ɗaya, aka ba shi kofi na uku da ya huce, ya ga wani ne ke raba gardama, bai sake komawa ba.

Mutumin Damagaram ne, aikin koyarwa ya kawo shi Yamai, ya gina gidansa tun wurin yana gonakin hatsi. Matarsa Asma'u ta rasu, ɗansa Nasiru yana Kwatano yana aiki a tashar jirgin ruwa. Abin da ya rage masa a gida shi ne rediyo, da 'yan zogalen garka, da kututturen da masu saran suka bari, ƙato, wanda mutum biyu za su zauna a kai ba su taɓa juna ba.

Nasiru ne ya fara tada maganar kututturen a waya.

"Baba, a cire shi mana. Saiwarsa za ta ƙarasa katangar, kuma macizai na son irin wurin nan. Na aiko maka da kuɗi, ka nemi masu aiki."

"To, zan nema."

Kuma ya nema ɗin. Da rani ba a rasa 'yan cirani a titunan Yamai, da diga a kafaɗa, suna tafiya a hankali suna duban ƙofofi. Ya kira na farko, wani ɗan Tawa mai ƙaton rawani. Ya ba shi ruwan sanyi, ya kai shi garka, ya nuna masa kututturen. Mutumin ya zagaya shi, ya doke shi da ƙafa, ya ce sai an haƙa rami kewaye da shi har ƙugu, a bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da gatari, sannan a nemi ƙarfafa su tura. Mushe Zailani ya tambaye shi garinsu, da yadda daminar bara ta kasance, da ko har yanzu ana cin kasuwar nan ta ranar Lahadi. Sai da shayi ya kai kofi na biyu kafin a zo ga jinga. Mutumin ya ce jika ashirin da biyar, wato sefa dubu ashirin da biyar. Mushe ya ji kuɗin sun yi masa yawa da gaske, ya taya jika biyar. Aka yi ta ja, mutumin ya ce albarka, ya ɗauki digarsa.

Da ya rufe ƙofa sai ya lura rana ta yi sanyi, yinin ya wuce bai ji tsawonsa ba. Rabon da a yi hakan tun faɗuwar itacen.

To, daga nan ne fa abin ya samo asali. Washegari ya fito da kujera bakin ƙofa yana jiran mai diga. Ya kira, ya shayar, ya nuna, ya yi tambayoyinsa kamar yana gaban allo, ya saurari amsa, sannan ya taya abin da ya san ko mahaukaci ba zai karɓa ba. Cikin 'yan watanni babu dabarar cire kututture da bai ji ba. Wani ya ce a huda shi a ɗura gishiri a bar shi ya ruɓe, shekara ɗaya ko biyu. Wani bakanike ya ce baƙin mai ko ruwan batir, Mushe ya ce shi da zogalensa fa, su sha me? Wani ya ce a lulluɓe shi da busasshen kashin shanu a cinna wuta ta yi ta cinsa a hankali kamar gasa tukwane, sai dai maƙwabta su yi haƙuri da hayaƙi. Akwai wanda ya ce a ɗaura masa sarƙa a ja da babbar motar kamyo, wannan kam har katangar zai tafi da ita, amma Mushe bai katse shi ba, don mutumin ya iya labari. Har kasuwar Katako ya taɓa hawa taksi ya je, wurin masu katako, ya ɗauko wani mai injin yankan itace, ya biya masa kuɗin mota zuwa da komawa, ya ji tarihin injin tun daga kantin da aka saye shi, sannan ya taya jika uku. Mai injin ya dube shi ya ce, "Baba, ko man injin bai kai ba," ya tafi yana girgiza kai.

Shi kuwa kututturen ko a jikinsa. Har tofo ya riƙa yi, 'yan ganye kore shar a gefensa, Mushe na tsinke su duk safiya don kada mai zuwa ya ga kamar ba da gaske ake son cire shi ba.

In Nasiru ya bugo, amsa ɗaya ce: masu aikin yanzu ba su da tsoron Allah, tsada gare su. Nasiru ya ƙaro kuɗi. Mushe ya sa su ƙarƙashin katifa tare da na farko. Ya san abin da yake yi, bai ruɗi kansa ba. Kaɗaici ne ya dame shi, irin wanda mutum zai idar da sallar asuba ya ga babu wanda zai ce wa ina kwana, kuma ya fi masa sauƙi a kira shi marowaci da a ce abin tausayi.

Marowacin kuwa aka kira shi. Labari ya zaga wurin 'yan cirani cewa akwai wani tsoho a Bobiyel mai ɓata wa mutane yini. Ya zama in ya ɗaga hannu sai mai diga ya ɗaga masa nasa daga nesa ya ƙara sauri. Sai ya yi kwanaki a bakin ƙofa ba wanda ya tsaya.

Ana tsakiyar bazara, zafi na dukan kwano kamar zai narke, wani siriri ya tsaya da kansa ba a kira shi ba. Gatari da dagi ne a hannunsa, takalminsa ɗaure da waya.

"Fofo, Baba. Akwai aiki?"

Bazabarme ne, sunansa Jibo, daga wajen Walam, yana kwana a Kirkisoye, hayin gada, wurin wani ɗan garinsu. Hausarsa kaɗan ce, maganarsa ma kaɗan. Ya shanye ruwan da aka ba shi a tsaye. Ya dubi kututturen, bai zagaya shi ba, bai doke shi ba. Mushe ya tambaye shi wace dabara zai yi.

"Haƙa," in ji Jibo.

"Shi ke nan? Ba gishiri, ba wuta?"

"Haƙa kawai."

"To, nawa?"

"Jika ashirin."

Mushe ya gyara zama, ya shirya wa doguwar jayayya, ya ce, "Jika biyu."

Jibo ya dubi ƙasa. Can ya ce, "To."

"Mi ka ce?"

"Na yarda, Baba. Jika biyu. In fara yanzu?"

Magana zarar bunu ce. Shi ya taya, an sallama, kuma dattijon da ya shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane cika alkawari ba zai ce wa ɗan cirani da wasa yake yi ba. Kafin ya samo abin faɗa Jibo ya tuɓe riga ya kafa dagi a ƙasa.

Ranar farko haushi ya hana shi zama. Amma da gari ya waye aka ƙwanƙwasa ƙofa tun rana ba ta fito ba, ya ji wani ya ce masa ina kwana, sai haushin ya gudu. Ya jawo kujerarsa garka. Ya aika aka sayo shinkafa da wake kwano biyu. Ya dafa shayi. Ya ba Jibo labarin Damagaram, da yadda ya dasa itacen yana ɗan tsiro a gwangwanin tumatir, da yadda Asma'u ta yi ta faɗa wai ganyen zai cika mata tsakar gida. Jibo na cikin rami yana sara, jefi-jefi ya ce "to" ko "Allah sarki". Ko yana fahimtar rabin abin oho, Mushe bai damu ba. Ƙarar gatari a gidan ma daɗi take yi masa.

Sai ya shiga jan aikin. Rana ta yi zafi, a huta. Ga shayi, a fito a sha. A yi hankali da wancan gefen, akwai bututun ruwa, alhali bututun na can gaban gida. Saiwa ta fito, sai ya ce a dakata ya duba ko ta nufi katanga. Jibo na bin umarni, yana fitowa, yana komawa.

Wata azahar Mushe ya sake cewa a fito a huta. Jibo bai fito ba. Ya jingina da gatarinsa, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Baba, jinga muka yi. Ba kuɗin yini ba ne. In na kwana goma nan, jika biyu ne."

Bai ɗaga murya ba, bai ko ɓata fuska ba. Mushe ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ɗauke butar shayinsa ya matsa gefe, bai ƙara cewa a huta ba. Amma bai bar garkar ba, ya zauna yana kallo, yana jin kowane sara a ƙirjinsa.

Ba a ja kamyo ba, ba a kira ƙarfafa ba. Jibo ya yanke babbar saiwar da ke ƙasa, ya faskara kututturen gida huɗu, ya fito da su ɗaya ɗaya yana nishi. Ya maida ƙasa ramin ya tattake. Kafin la'asar wurin ya zama fili, kamar ba a taɓa yin wani abu a nan ba.

Mushe ya shiga ɗaki ya ɗaga katifa ya ƙirgo jika ashirin ɗin da mutumin ya faɗa tun farko. Jibo ya karɓa da hannu biyu, ya dubi kuɗin, ya dubi tsohon, ya yi godiya da Zabarmanci mai tsawo, maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwansa. Ya ɗaure su a bakin wando ya soma haɗa kayansa.

Mushe na tsaye yana kallonsa yana sa riga. Idonsa ya yi ta yawo a garkar. A can kusurwa akwai mangwaro, matashi, ganyensa duhu, da sauran 'ya'yan ƙarshen lokaci suna reto.

"Jibo."

"Na'am, Baba."

"Wancan fa? Nawa za ka sare shi ka cire kututturen?"

Jibo ya juya ya dubi mangwaron.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Yana 'ya'ya."

"Na sani. Nawa?"

"Ni gobe gida za ni. An bugo mini, an yi ruwan shuka. Kuɗin mota nake nema, shi ya sa na yarda da jika biyu."

"Yaushe za ka dawo?"

"Sai bayan kaka. In Allah ya kai mu."

Mushe ya raka shi har bakin ƙofa. Hadari na haɗuwa ta gabas, iska ta fara kaɗa ledoji a kan titi. Daga can ƙarshen layi ana jiyo dariyar 'yan fada.

"To, ka ji, ba zan ba kowa aikin ba," in ji Mushe. "Kai zan jira. In ka zo ma yi jinga a tsanake."

"To, Baba."

Jibo ya saɓa gatarinsa ya kama hanya da sauri don kada ruwa ya tare shi kafin gada. Mushe Zailani ya tsaya yana jira ya ga ko zai waiwayo ya dubi ƙofar don ya gane ta in ya dawo. Har ya sha kwana bai waiwayo ba.