Hannun Malam Ibrahimu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Maikuɗi ya san hannunsa. Manomin shinkafa ne, in ya kama maka hannu sai ka ce buhu zai ɗaga. Gonarsa na maƙwabtaka da ta Malam Ibrahimu mai tumatir a bakin kwatar ruwa ta wajen Bunkure, tare suka tashi, tare suka tsufa.

A ranin bana suka saɓa. Maikuɗi ya buɗe ruwa a ranar da ba tasa ba, dashen Malam Ibrahimu ya kwana da ƙishi. Aka yi cacar baki, dattawa suka shiga tsakani, magana ta mutu. Washegari a ƙofar masallaci Maikuɗi ya miƙo hannu, sai Malam Ibrahimu ya ba shi tsintsiyar hannu, kamar wanda ya taɓa taki bai wanke ba. Haka ya sake yi ranar Juma'a. Daga nan Maikuɗi ya daina miƙowa, ya koma sallama daga nesa.

Alhali babu komai a ran Malam Ibrahimu. Gindin babban yatsansa na dama ne ke ciwo, wurin da ya yi shekara da shekaru yana danna dashe cikin laka. Ko murfin buta ba ya iya murɗawa. Amma mutumin nan akwai taurin kai. A ce yatsa guda ya kayar da shi? Gara a ce masa mai riƙo. Abin kuma yana cin sa, don ya yi kewar abokinsa ƙwarai.

'Yarsa Saliha ce ta gaji, ta sa shi a mota zuwa asibiti a Kano. Likita ya sa aka ɗauki hoto, ya murza yatsan a hankali, Malam Ibrahimu ya yi salati da ƙarfi.

"Baba, amosanin gaɓɓai ne, gaɓar ta cinye," in ji likita. "Zan yi maka allura a cikinta. Ba warkewa ba ce, sauƙi ne na wasu watanni."

Ya goge wurin, ya ja yatsan kaɗan, ya soka siririyar allura, ya manna filasta. Sannan ya ɗaura masa wani madauri mai tauri.

"Yau da gobe zai iya ƙara zafi kafin ya lafa. A huta da hannun, kada a matsa shi."

"Ka dai ji, Baba," in ji Saliha.

Da la'asar suka sauka a bakin hanya. Can kan gadar kwata sai ga Maikuɗi tafe, fartanya a kafaɗa, ya riga ya fara kawar da kai. Malam Ibrahimu ya kwance madaurin ya cusa a aljihu. Saliha ta buɗe baki, ya harare ta.

"Salamu alaikum, Maikuɗi."

Ya miƙa hannun gaba ɗaya. Maikuɗi ya dubi hannun, ya yar da fartanya, ya cafke shi da hannu biyu yana girgizawa, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Malam Ibrahimu na amsawa da "lafiya lau", gumi na keto masa, har hawaye suka zubo.

Sai da Maikuɗi zai saki ya ji filastar a ƙarƙashin yatsansa. Ya juya hannun ya duba.

"Mene ne wannan?"

"Allura aka yi masa yanzun nan, Kawu," in ji Saliha. "Tun kafin rigimar ruwa yake fama da yatsan."

Maikuɗi ya saki hannun. Kunya ta kama shi.

"Haba, Ibrahimu! Ka bar ni ina ta murƙushe ka? Me ya hana ka faɗa?"

Malam Ibrahimu ya share ido da hannun riga.

"Da na faɗa, da a hankali za ka kama. Ni kuwa irin gaisuwarka ta da nake so."