Zaren Gaji

Shekarar da Turawa suka zo awon hanyar Jahun, Nata'ala masunci ne ya yi wa ɗayansu jagora cikin fadama har wata biyu. Da Baturen zai tashi, ya bar masa sandar fatsarsa. A gindin sandar akwai wani ƙarfe mai ɗan hannu, idan aka juya shi sai ya naɗe zare da kansa. Mutanen garin suka sa masa suna mazarin Bature.

Nata'ala ya sha ganin yadda ake yi: a zura zaren ta cikin zobban sandar ɗaya bayan ɗaya, a ɗaura ƙugiya da 'yar dalma, a tare zaren da yatsa, a wurga, a saki yatsan. Ƙugiya sai ta faɗa can tsakiyar tafki, inda fatsar kowa ba ta kaiwa. Damina ɗaya ya yi yana morewa, zaren Baturen ya ruɓe.

Matarsa Gaji ta fi kowa iya kaɗi a unguwar. Ta duba guntun zaren, ta murza shi a cinya, ta ce za ta gwada. Rani guda ta yi tana kaɗa siriri, tana tufka shi uku-uku, tana goga masa kakin zuma. Nata'ala ya naɗa, ya je tafki, wurgi ɗaya zaren ya cukurkuɗe a bakin ƙarfen. Kwana uku ana haka, masunta suna ta yi masa dariya.

Ya dawo gida ya jefar da sandar a tsakar gida. Gaji ta ɗauka, ta juya hannun a hankali tana kallo.

"Maigida, abin nan murɗa zare yake yi, kamar mazarina. Ka naɗa masa ta inda yake ƙara murɗi. Kuma ka cika shi har baki."

Ta warware duka, ta jiƙa, ta sa shi ya riƙa juyawa, ita kuma tana matse zaren tsakanin yatsunta, ta tsayar da shi tun bai kai baki ba. Washegari ya kamo tarwaɗa bakwai.

A bakin tafki Mailafiya, sarkin masuntan, ya tambaye shi inda ya samo sabon zare. Nata'ala ya ji nauyin ya ce mace ce ta gyara masa. Ya ce Baturen ne ya aiko masa daga Dutse. Kafin magariba maganar ta iso wa Gaji ta bakin mata. Da ya dawo gida, ta tare shi. Abu ɗaya ta roƙa.

"Wata rana ka je da ni, in wurga sau ɗaya. Ina so in ga yadda yake fita."

"Bari mutane su ragu a tafkin," in ji shi.

Ta sake tambaya da kaka, ya ce sai an gama girbi. Daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma duk shekara tana kaɗa masa sabo, tana ajiyewa a kan tabarmarsa.

A shekara ta shida, wata safiya tana shara ta faɗi. Ta tashi da rai, sai dai hannun dama ya shanye, magana kuma da ƙyar. Da ta ɗan samu sauƙi, Nata'ala ya ɗauko sandar, ya ce zai ɗora Gaji a jaki su tafi tafki yau ɗin nan. Gaji ta dubi hannunta, ta dube shi.

"Bar shi, Maigida. Da wanne zan riƙe?"

Ya tafi shi kaɗai. Ya tarar da masunta suna gyaran komar kamun kifi, ya yi sallama, ya gaya musu cewa zaren nan tun farko Gaji ce take kaɗawa, ita ce kuma ta gane yadda ake naɗa shi.

Mailafiya bai ma ɗago kai ba. "Ai mun sani, Nata'ala. Matanmu ne suke kai mata auduga. Kai muke jira ka faɗa."

Nata'ala ya zauna a kan tudu har azahar, bai ko ɗaura ƙugiya ba. Daga baya ya koma gida ya dama mata kunu, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙe mata ƙwarya tana sha.