Motar Bakwai Ba Ta Jira

Shekara ashirin da biyu ina jan mota tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma doka ɗaya na sani: mota ba ta tashi sai ta cika. Ko naƙuda kike yi, Hajiya, sai na bakwai ya zo. Haka na tarar, haka na yi niyyar bari, sai Allah ya haɗa ni da Riskuwa.

Riskuwa ɗiyar yayata ce. Ta gama jami'a, ta gama bautar ƙasa, ta zo ta iske ni gindin dogonyaro a tasha ina shan fura.

"Kawu Labbo, aron motarka nike so na wata biyu."

"Ke da ko keke ba ki iya ba?"

Ta yi dariya, ta durƙusa ta yi mini bayani. Wani kamfanin jiragen sama ne a Legas yake ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, ya horar da su su zama manajoji. Dubbai suka nema, ita ta kai matakin ƙarshe. A matakin nan ba ruwansu da abin da ka haddace. Sai ka nuna wani aiki na gaske da ka tafiyar da hannunka, sannan ka kawo takardar wani babban ma'aikacin gwamnati da ya san ka, ya shaidi halinka, ya sa hannu da hatimi.

"To mi ya haɗa jirgi da Sharon ɗina?"

"Lokaci, Kawu. Manajan jirgi shi ke cewa a rufe ƙofa. In ya jira mutum ɗaya, ya ɓata wa ɗari. Ina so motarka ta riƙa tashi ƙarfe bakwai daidai, ta cika ko ba ta cika ba."

Na ce boko ya taɓa yarinyar nan. Sai dai kunyar uwarta nake ji, na ce to.

Satin farko na sha dariya a tasha. Ran Litinin da mutum uku na tashi, direbobi suna yi mini kirari, wai ga matuƙin jirgi. Na yi ta zaginta a zuci tun daga Argungu har Ambursa. Ita ko a jikinta. Kullum shida da rabi tana tsaye da littafinta, ta rubuta sunan kowa da lokacin da ya iso, ta duba tayoyi kamar ita ta saye su, ta tambaye ni ko na sha mai tun jiya. Ta bi ma'aikatan da ke kwana Argungu suna aiki Birnin Kebbi gida-gida, ta buɗe musu zaure a waya. Madam Caroline, wata nas da ke karɓar masu aikin dare ƙarfe takwas, ita ta fara kama kujerar dindindin. Kafin sati uku, wallahi, mutane ke jiran mota. Masu yi mini kirari suka koma tambayata ko ɗiyata za ta duba musu tasu.

Saura takarda. Wanda zai sa hannu Alhaji Ja'afar ne, darakta a wata ma'aikata a Birnin Kebbi amma gidansa na Argungu, aminin marigayi mahaifinta. Shi ya yanka ragon sunanta, shi ya kai ta makaranta da uban ya rasu. Mutumin kirki, amma bai taɓa zuwa ko'ina kan lokaci ba, kuma ba a taɓa tafiya an bar shi ba. Takardar ta yi sati biyu cikin jakarsa. Kullum gobe, kullum hatimin na ofis. Har ranar Alhamis ta zo, ranar da za a rufe karɓa ƙarfe huɗu na yamma.

Ranar kuwa motarsa ta ƙi tashi. Bakwai saura kwata ya kira ta, ta sa wayar a fili ina ji.

"Riskuwa, ku aje min gaba. Ga ni nan, mu tahi tare in buga miki hatiminki."

"To, Baba. Amma bakwai muke tashi."

"Awo, awo, na ji."

Bakwai saura biyar babu shi. Saura biyu babu shi. Mutum shida na zaune, Madam Caroline sai duba agogo take yi, bayanta wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha mai jarrabawa ƙarfe takwas yana ta karkaɗa ƙafa. Na jawo Riskuwa gefe.

"Ke, yau dai a yi haƙuri. Minti goma ba su kashe kowa. Wanga mutum shi ke riƙe da wuyanki."

Ta duba agogo. Ta maida ido kan littafinta. Bakwai ta buga, sai ga babur ya shawo kwanar tasha daga can nesa, babbar riga fara tana kaɗawa a bayansa. Ajiyar zuciya na yi, na ce alhamdu lillahi, ga shi nan.

"Kawu, tada mota."

"Ba ki gan shi ba?"

"Na gan shi. Kafin ya iso, ya sauka, ya gaisa da shugaban tasha, bakwai da kwata ta yi. Na yi wa mutanen nan alkawari." Ta tura ƙofa ta rufe da kanta. Idonta ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta karye ba. "Don Allah, Kawu, tafi."

Ban san abin da ya sa na bi maganar yarinyar da na goya ba. Na ja mota. Muka yi kiciɓis da babur ɗin a bakin ƙofa, Alhaji ya ɗaga hannu, ni kuwa na kafe ido a kan titi kamar ban taɓa ganinsa ba. A madubi na hango ta ta durƙusa gabansa cikin ƙasa, shi yana tsaye yana nuna ta da yatsa. Haka muka kama hanyar Birnin Kebbi.

Na kira ta da na sauke fasinja. Ta ce Alhaji ya wanke ta tas gaban jama'a, ya ce ta yi karatu ta fi ƙarfin iyaye. Ya shiga wata mota da ba ta cika ba sai goma saura, ita tana tsaye bakin tagarsa duk tsawon lokacin, bai dube ta ba. Da za su tashi ya ce kada ta kuskura ta biyo shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, kuma can ƙasan zuciyata ina jin wani abu kamar alfahari da ban so in amsa ba. Na ƙi yin lodi, na zauna tashar Birnin Kebbi ina ta tsaki.

Ƙarfe uku da kwata keke mai ƙafa uku ya tsaya gabana. Alhaji Ja'afar ne. Na zube ina gaisuwa. Ya miƙo ambulan a liƙe.

"Kai wa marar kunyar ɗiyarka."

Ya juya abinsa. Ban san ko ya sa hannu ba, ko takardar ya maido mata yadda ta ba shi. Na faɗa mota ni kaɗai, ba fasinja ko ɗaya, kamasho yana ihu a bayana. Allah ya kiyaye, amma ranar na taka mota.

Huɗu saura kwata na iske ta inda na bar ta. Ta yage ambulan, na ga shuɗin hatimi, na ga sa hannu. Ta shimfiɗa takardar kan motata, ta ɗauki hoto ta aika, muka tsaya kan wayar har ta nuna an karɓa. Sai a lokacin ta duba wurin da aka ce mai shaida ya faɗi halin mai nema. Ta karanta, ta rufe baki da mayafi.

"Mi ya ce? Zagi ne? Fassara min, ni ban jin Turancin manya."

Ta sauke mayafin, ta fassara mini.

"Ya ce: Ni na rene ta. Yau ta san aikinta yana cikin jakata, ta rufe ƙofa ta bar ni a tasha saboda na makara. Shekarata talatin ina aiki, ban samu mutum ɗaya da zai iya yi mini haka ba. Ku ba ta jirginku."

Na juya baya na buɗe gaban mota, wai ina duba ruwa, don kada direbobi su ga fuskata.