Abincin Yaneris

Duk unguwarsu a garin Bani an san Yudelka da iya girki, shi ya sa ramar 'yarta Yaneris ke ci mata rai. Yarinya 'yar shekara takwas, ƙafafu kamar sillen kara. Kullum surukar Yudelka, Doña Casilda, ta leƙo sai ta ɗaga hannun yarinyar ta tambaya ko azumi ake yi a gidan. Sannan ta ja kumatun Wilkin, yayan Yaneris, ta ce ga dai jikan da ya gado su.

Yudelka ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sayo maganin buɗe ciki. Da safe ta tula mata dakakkiyar ayabar agada da soyayyen cuku da yankakken naman salami, da rana shinkafa da wake. Farantin yakan dawo tas, amma ƙashin wuyan yarinyar yana nan a fili. Da ta gaji ta ja ta asibitin unguwa, Wilkin ya bi su.

Likitar ta auna Yaneris, ta duba idanunta, ta ce lafiyarta ƙalau, haka jikinta yake. Sai ta tsaya kallon Wilkin da ke haki a benci don kawai ya hau bene, ta ce shi ma ya hau ma'auni. Ta nuna baƙin da ke bayan wuyansa, wanda Yudelka ta sha dirza da soso tana zaton dauɗa ce. Ta ce nauyinsa ya wuce kima, in ba a kula ba ciwon sukari na iya biyo baya.

"Likita, na kawo miki mara lafiya, kin koma kan mai lafiyar?"

Likitar ta ce a rage masa suya, a daina lemon kwalba.

A hanya Yudelka tana ta mita, har ta tambayi Yaneris ina duk abincin nan ke tafiya.

"Mami, ai Wilkin nake juye wa in kin shiga kicin. Ke kika ce kar in tashi sai ya ƙare."

Yudelka ta ja tsaki, ta rasa wanda za ta fara kama wa kunne.

Daga ranar ta koma zama a tsakaninsu lokacin cin abinci. Wilkin ya yi ta kumburi, ya fara sulalewa gidan kakarsa yana dawowa da maiƙo a baki. Ba a jima ba Doña Casilda ta iso da kwanon soyayyen nama.

"'Yar nan, ɗaya kin kasa sa mata ƙiba, yanzu ɗayan za ki ƙarar?"

Yudelka ta karɓi kwanon ta ɗora can saman firji. Ta ce ranar komawa asibiti tare za su je, Doña ta yi wa likitar bayani da bakinta. Tsohuwar ta ce ita ƙafarta na ciwo, ba ta iya hawan bene, ta ɗauki jakarta ta fice.