Yayyafin Mai Guga

Mai Guga ya jiƙa yatsa da yawu ya taɓa gindin dutsen guga, ya ji ƙarar da yake so, sannan ya ɗora shi kan kwalar farar rigar. Sau biyu ya bi ta. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya duba, ya rataye. Rigar 'yarsa ce, Auta. Ƙarfe biyu na rana ake jiran ta a wani babban otal, inda za a zaɓi 'yan mata uku su tsaya a teburin karɓar baƙi.

Shekara arba'in da ɗaya yana guga a shagon nan da ke manne da ɗakunansu. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba. Duk unguwa an sani, wanda bai sani ba kuma yakan gaya masa. Yatsunsa sun kanannaɗe, bayan hannunsa duk tabo. Tun ranar da ya sa Auta makaranta ya hana ta taɓa dutsen guga. Ko hankicinta shi yake goge mata. Hannu biyu sun isa su lalace a gidan nan, haka yakan ce.

"Baba."

Tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da ɗaki, tawul a kafaɗa, waya a hannu. Ta wanke kai tun da safe, gashin ya tashi ya cika, a nannaɗe, baƙi ƙirin. Irin na mahaifiyarta ne, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Mataji uku marigayiyar ta karya a gashin Auta cikin shekara guda.

"Anti Nas ba za ta zo gyara mini gashin ba. An riƙe ta a asibiti, mai karɓar aiki daga hannunta ba ta iso ba."

"To."

"Baba, ba to ba ne. Matar otal ɗin cewa ta yi a zo da gashi a kwance. Wai haka teburin yake so."

"Teburin ne ya gaya mata?"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta kalli agogon bango. Sha ɗaya ta gota.

"Bari in ruga wurin masu gyaran gashi, ko za su sa ni a gaba."

"Kawo abin in gani."

Ta kawo ƙarfen miƙar da gashi da maƙwabciyarsu nas ɗin ta ara mata jiya. Kamar awartaki yake, da faranti biyu masu santsi a baki, da igiyar wuta, da ɗan maɓalli mai lambobi daga ɗaya zuwa shida. Ya juya shi, ya buɗe, ya rufe.

"Wannan ai dutsen guga ne aka ninke biyu."

"Ba ɗaya ba ne, Baba."

"A gidan mai guga za ki fita neman guga? Zauna."

Ta ɗan tsaya. Sannan ta jawo kujerar roba gaban madubin kwastomomi ta zauna.

"Anti Nas ta ce sai ya bushe ƙarau. A shafa wannan man, a riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan. Kuma kada a wuce lamba uku."

"Nas allura ta sani. Wuta tawa ce."

Duk da haka da farko ya bi yadda aka ce. Ta tsaga gashin gida huɗu ta ɗaɗɗaure, ya fara daga ƙeya. Ya ɗebo ɗan tsili, ya matse, ya ja a hankali. Gashin ya miƙe kamar zai ji magana, yana saki ya fara lanƙwashewa daga tushe. Ya sake bi. Ya bi na uku. Sha biyu saura kwata, ko rabin gida ɗaya bai gama ba.

Ya ja da baya ya kalli kan kamar yadda yake kallon wandon kaki da ya kwana a ƙasan jaka. Ya san irin wannan taurin kai. Ya san maganinsa kuma. A kan teburin guga akwai gorar roba da ya huhhuda murfinta da allura, ta fi Auta shekaru. Ya ɗauko ta. Ya murɗa maɓallin ƙarfen zuwa shida.

Ɗigo ya sauka a wuyanta.

"Baba, ruwa ne?"

"Ruwa ne. Busasshen yadi ba ya kwanciya."

"Amma ta ce..."

"Ke. Ni za ki koya wa?"

Ta yi shiru. Shi ya yi mata tarbiyyar shirun, da hannunsa.

Ya yayyafa, ya matse. Ƙarfen ya yi cuu, tururi ya tashi. Ya ja, tsilin ya fito a miƙe sambal kamar zaren keke, ya kwanta a bayanta bai motsa ba. Mai Guga ya gyaɗa kai. Ya ɗebo wani, mai kauri wannan karon. Yayyafi, matsa, ja. Hannunsa ya kama hanya, aikin ya fara gudu. Har ya soma ɗan gunaguninsa na waƙa da yake yi in kari ya fito daidai.

"Baba, akwai zafi."

"Daina motsi."

Ya gama ƙeya duka, ya shiga gefen dama. A nan ne hancinsa ya tsayar da shi. Ya san ƙaurin auduga, ya san na nailan. Wannan ba ɗaya daga ciki ba ne. Ƙaurin ulu ne. Kuma ya sani, tun yana ɗan shekara goma sha biyar maigidansa ya koya masa da mari, ba a ɗora wa ulu ƙarfe tsirara. Ulu gashi ne.

Ya ajiye ƙarfen. Ya ɗauki mataji ya sa a ƙeyar ya ja sau ɗaya, a hankali. Matajin ya fito cike. Sauran ya zubo kan tawul, ya gangara ƙasa, gutsi-gutsi kamar busasshiyar ciyawa. Wani dogon tsili ya faɗi kusa da takalminsa. Ya ɗora ƙafa a kai.

Ba ta ga ƙasa ba. Fuskarsa ta gani a madubi.

Ta kai hannu baya ta shafa. Ta dawo da hannun ta buɗe. Ta daɗe tana kallon abin da ke tafinta. Ya jira ta yi ihu, ko ta yi kuka, ko ta faɗi maganar da ba a faɗa wa uba. Da ya fi masa sauƙi.

"Ba ni almakashi," ta ce.

"Gefen hagu lafiyarsa lau. A iya kwantar da shi ya rufe..."

"Baba. Almakashi."

Ya miƙa mata wanda yake yanke zare da shi. Ita ta yi da kanta. Ta fara da gefen hagun, mai lafiyar, wanda mahaifiyarta takan zaunar da ita tsakanin gwiwoyinta ta kitse. Ya tsaya riƙe da ƙaramin madubi a bayanta don ta ga ƙeya. Madubin ya karkace, ta kama wuyan hannunsa ta daidaita shi ba tare da ta dube shi ba.

Ɗaya da kwata ta fito cikin farar riga da baƙin siket. Kan ya zama ƙarami, wani wurin ya fi wani tsawo, ga jan tabo a saman kunne. Rigar kuwa babu wanda zai sami abin cewa a kanta.

"Sai na dawo."

"Allah ya ba da sa'a."

Ya share gashin ya zuba a leda. Ya kai bakin kwandon shara, ya fasa, ya tura ledar ƙarƙashin tebur. Ya zauna. Kayan mutane tsibi guda, bai taɓa ko ɗaya ba.

Wajen uku direban tasi da ke kawo masa kaya duk mako ya leƙo, ya shaƙi iska, ya washe baki.

"A'a! Baba Mai Guga, ƙauri nake ji. Yau dai an kafa tarihi. Rigar wa ta tafi? Allah ya sa ba tawa ba ce."

"Ba riga ba ce."

"Ko kaza ake babbakewa ba a kira mu ba?"

"Kayanka gobe."

"Kai da ba ka taɓa cewa gobe?"

Mai Guga ya ɗago ya kalle shi. Direban ya haɗiye sauran dariyarsa ya fita.

Rana ta yi sanyi kafin ta dawo. Ta shigo ta shago, takalma a hannu, ta zauna kan kujerar robar da har yanzu take gaban madubi.

"Sun ɗauke ni."

Ya dafa tebur zai miƙe.

"Ba a teburin baƙi ba."

Ya koma ya zauna.

"Matar ta kalli kaina tun kafin in buɗe baki. Turancina ya fi na kowa a cikinmu, ita ta faɗa. Amma wai teburin fuskar otal ne. Ta ce in je, in gashi ya tsiro a gani." Ta murza yatsun ƙafarta. "Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta kama kwalar rigata tana juyawa. Ta ce shekararta goma a otal ba ta ga guga irin wannan ba. Ta ce wa ya yi?"

"Kika ce wa?"

"Na ce ni."

Fankar sama tana ta juyawa. 

"Suna neman mutum a ɗakin wanki da guga. Can ƙasa yake, bayan wurin ajiye motoci. Babu taga. Ana ba da hula, kowa kansa a rufe." Ta yi ɗan murmushi wanda bai wuce leɓe ba. "Ran Litinin zan fara, shida na safe."

"Ba za ki je ba."

"Wata goma sha huɗu ina yawo da takardu, Baba. Zan je."

"Ban kai ki makaranta don..."

"Na sani."

Ta miƙe ta naɗe hannun farar rigar har gwiwar hannu. Ta zaro rigar direban tasi daga cikin tsibin, ta shimfiɗa a tebur a karkace, ta jona dutsen. Ta tsaya a inda yake tsayawa, inda simintin ya lotsa da sawun ƙafarsa.

"Kwana biyu gare ni. Nuna mini yadda ake kwala."

Ya kalli hannayenta. Sumul suke, ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallo. Dutsen ya fara ɗaukar zafi, yana ƙas-ƙas.

Ya tashi ya gyara shimfiɗar rigar, ya juya kwalar ciki ya koma waje. Sannan ya ɗauko gorar ya miƙa mata.

"Fara da yayyafi," ya ce.